Tukunya Ba Ta Jin Kunya

A Gadarif, da an sallame asuba,
ni ke hawa tankin ruwan makaranta,
waya a sama, kamar mai kiran tantabaru,
ina farautar sabis.
Wani lokaci ya sauko. Wani lokaci sai rana ta kore ni.

A ƙasa Asabe ta riga ta hura gawayi.
Tukwanenmu uku. Biyu suna kan murhu,
ta ukun a kife take a gindin dalbejiya
tun ranar da mai ya ninka kuɗinsa.

Mutum ɗari biyu da sha bakwai
ke kwana a azuzuwan nan tun barinsu Madani.
Lissafin da malami ya bari a allo yana nan,
ba wanda ya goge, ba wanda ya ƙarasa.

Nawa aikin rubutu ne:
buhun adas kaza, jarkar mai kaza,
albasa ta yi fushi,
ga lambar asusu, Allah ya saka.
In tura, in zauna ina ƙirga.
Ran nan mutum dubu suka danna mana zuciya.
Na sauko da gudu na nuna wa Asabe.
Ko muciya ba ta ajiye ba, ta ce,
"Zuba su mu gani ko za su nuna kafin azahar."

Wani da ya san kan harkar ya rubuto mini:
"Fuska ake so, malam.
Nemo wadda ido ya faɗa, ka matso kusa,
ka ga yadda hannun mutane zai buɗe."
Na so in ƙaryata shi,
amma na taɓa gwadawa, kuma an ci abinci a makon.

Sai na bi layi har wurin Goggo Atine.
Shekara talatin tana gasa kisira a kasuwar Madani,
ba a taɓa jin baƙo ya wuce rumfarta da yunwa ba.
Yau ga ta da kwano, ta arba'in da shida.
Na ɗaga waya.
Ta ja gefen mayafi, ba da garaje ba.
"Ɗana Sa'idu yana Jidda, motoci yake wankewa.
Na ce masa ina gidan ƙanwata, har nama nake ci.
So kake ya tsince ni a cikin wayarka?
Ɗauki tukunya, yaro.
Tukunya ba ta jin kunya."

Na ɗauki ta kifen, da ƙura a gindinta.
Zuciya sha tara kacal muka samu.
Na kwana ina jin haushin kaina, da nata, da na duniya.

Kwana biyu bayan haka, a kan tanki,
waya ta yi motsi a tafina.
Kuɗi ne, ba masu yawa ba,
irin na wanda ya ƙirga sau uku kafin ya tura.
Ƙarƙashinsu an rubuta:
"A gefen hotonka akwai hannu riƙe da kwano shuɗi
mai lotsawa a baki.
Ni na yar da shi ina ɗan shekara tara, na sha duka.
Kada ka gaya mata na gani."

Yanzu duk Alhamis saƙonsa na zuwa,
ya haɗa da na abokansa shida na wurin wanki.
Ba ya isa nama. Yana isa a tayar da ta ukun.

Da yamma nakan ara wa Goggo wayar.
Ina ji tana cewa, "Yau ma rago aka yanka."
Ina ji yana cewa, "Madalla, Inna, a ci lafiya."
Ni kuwa in juya baya
in yi kamar ina duba gawayi.